Jagorar Mai Jiran Sabuwar Waƙa Da Wasannin Disamba A Akra

Daren wata Alhamis, wajen sha ɗaya da rabi, na tarar da ƙanena da abokansa uku a bencin mai shayi a Nima. Shayinsu ya huce a kofi, ba wanda ya kurɓa. Waya ɗaya suka sa a tsakiya, sai ja mata fuska suke yi ƙasa ko wani abu zai sauya. Na ce, "Kai, lafiya?" Ƙanena ya ce, "Yaya, saura minti talatin." Sabon kundin waƙoƙin gwaninsu suke jira. Na zauna tare da su har sha biyu ta buga, na ga yadda mutum huɗu suka raba kunnen sauraro biyu, kowa ya karkata kai, har mai shayin ya rage muryar rediyonsa don su ji da kyau.

Ina son wannan jiran, ina ganin rabin daɗin waƙa a cikinsa yake. Amma na sha ganin yadda ɗoki ke jefa yaran zango cikin asara: tikitin bogi, waya ta tafi a cikin turmutsutsu, yarinya ta rasa motar komawa Madina da ƙarfe uku na dare. Daren wasa tun makonni kafin ya zo ake gyara shi ko a ɓata shi. Ga yadda nake bi, daki-daki.

Da farko ka san ranar da waƙa ke fita

Tun watan Yuli na 2015 manyan kamfanonin waƙa na duniya suka daidaita a kan Juma'a ta zama ranar sakin sababbin waƙoƙi. Shi ya sa daren Alhamis ya zama daren zaman jira. Mawaƙan Gana da na Najeriya galibi wannan tsarin suke bi, ko da yake wani kan zaɓi ranar haihuwarsa ko wata ranar hutu.

Lissafin agogo kuma mu a nan ya zo mana da sauƙi, don Gana tana kan GMT duk shekara, ba a matsar da agogo gaba ko baya. Najeriya ta girme mu da awa ɗaya. Idan mawaƙin Legas ya ce sha biyun dare, ka fara dubawa tun sha ɗaya. Idan na Amurka ne ya ɗaure fitar waƙarsa da tsakar daren New York, to a Akra sai huɗu ko biyar na asuba, gwargwadon lokacin shekara. Kada ka hana idonka barci a banza. Ka kwanta, ka tashi ka yi sallar asuba, ka tarar da ita tana jiranka.

Ranar fita kuwa, daga bakin mai waƙar kaɗai za ka karɓe ta. Shafinsa na Instagram, ko X, ko YouTube, wanda ka daɗe da sanin nasa ne. Hoton da aka turo a rukunin WhatsApp na unguwa ba hujja ba ne, yaro ɗan sakandare ma yana iya haɗa shi a waya cikin minti goma. Idan mawaƙin ya saka mahaɗin da ake ajiye waƙa tun kafin ta fito, ka latsa. Spotify, dandalin sauraron waƙa a waya, ya shigo Gana a watan Fabrairu na 2021, ga Audiomack da Boomplay da yawancin samarinmu suka fi sabawa da su saboda ba sa cin data da yawa. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ka bi mawaƙan da kake so a can, shi zai riƙa sanar da kai. Kamfanonin waya suna da datar tsakar dare mai rahusa. Ka saya tun da yamma, ka sauke kundin gaba ɗaya kafin gari ya waye.

Wani abu da nake roƙon kowa: idan aka turo maka waƙar da aka sato kafin ranar fitarta, kada ka tura gaba. Babban mawaƙi zai iya jure wannan. Yaron da ya tara kuɗin situdiyo daga aikin gyaran waya a Circle, shi kam an karya masa gwiwa ke nan.

Kuma ka ba sabon kundi haƙƙinsa. Ji na farko, daga waƙar farko har ta ƙarshe, ba tsallake. Ji na biyu da safe a cikin trotro, ƙaramar bas ɗin haya. Sai a na uku za ka san wacce ce taka. Ka koyi amshi, ko da Twi ne ko Ga, ka tambayi maƙwabci ma'anar abin da ba ka gane ba, don kada ka tsaya cikin dubban mutane kana rera abin da ba za ka iya faɗa a gaban mahaifiyarka ba.

Kalandar Akra

Wasanni suna da damina da rani kamar noma. Disamba ce kakarsu. Tun 2019, shekarar da gwamnati ta gayyato 'yan asalin Afirka mazauna ƙetare su dawo gida, watan ya cika ya batse, kusan kowane dare da abin da ake yi. Wasu ranakun har sun zama sanannu. Sarkodie ya saba yin wasansa na Rapperholic ranar 25 ga Disamba. Black Sherif, ɗan Konongo, ya riƙe 21 ga Disamba ga wasansa na Zaama Disco. Stonebwoy kan yi nasa na Bhim a kwanakin gab da Kirsimeti, ban da wanda yake yi wa mutanen garinsu a Ashaiman. Bikin waƙa na AfroFuture, wanda aka fara a 2017 da sunan Afrochella, yana zuwa a kwanakin ƙarshe na watan. Duk da haka ka jira sanarwar shekarar da kake ciki, don wuri yana sauyawa, wani lokaci har ranar.

Wajen Mayu zuwa Yuni gari kan yi tsit. Majalisar sarakunan Ga tana hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikin Homowo, ga kuma manyan ruwan damina. Duk wanda ya tallata maka wasan fili a tsakiyar Akra cikin wannan lokaci, ka bincika sau biyu. Bikin ba da kyaututtukan waƙa na Gana, wanda ya koma ɗauke da sunan kamfanin waya na Telecel a 2024, yakan faɗo a wannan tsakanin, amma a cikin zaure ake yinsa.

Mu kuma muna da tamu kalandar a kan wannan. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka ka duba kada ka sayi tikitin da zai faɗo cikin Ramadan. Bayan sallah kuwa zango kan ɗauki harama. A Nima mun san wasan sallah na kan titi da mawaƙan ƙungiyar VIP, 'ya'yan unguwar, suka raya, inda ba tikiti ba ƙofa. A irin wannan lokaci ne kuma mawaƙan Hausa daga Najeriya kan zo su yi wasa a Akra da Kumasi. Waɗannan sun fi kusa da gida, sun fi sauƙin kuɗi, kuma idan karon farko ne da za ka kai ƙaninka ko ƙanwarka, da su ya kamata ka fara.

Kuɗi

Ba za ka iya zuwa duka ba. Ka zaɓi ɗaya, ko biyu idan aljihu ya yarda, tun watan Satumba. Daga nan ka shiga adashi da abokan tafiyarka, ko ka riƙa ware wani abu kowace Juma'a a wani asusun MoMo, wato na kuɗin waya, da ba ka taɓawa. Harajin E-Levy da ake cira a tura kuɗi tun 2022 an soke shi a 2025, amma kuɗin cirewa a wurin wakili yana nan, ka sa shi a lissafi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka kuɗin tikiti shi ne kuɗin wasa. Ni kashi uku nake yi. Kashi ɗaya tikiti. Kashi ɗaya mota, zuwa da dawowa, kuma dawowar ta fi tsada nesa ba kusa ba. Na uku ruwa, abinci, da abin ko-ta-kwana. Idan tikitin ya cinye fiye da rabin abin da ka tara, to ka sauko mataki ɗaya. Tikitin farko-farko da ake saki makonni kafin ranar shi ne mafi araha, yana kuma saurin ƙarewa. Na VIP yana kai ka kusa da dandamali ko ya ba ka kujera. Tebur kuwa na masu taron dangi ne da 'yan kasuwa, kuma yawanci da kwalaben giya ake haɗa kuɗinsa, abin da ba ruwanmu da shi.

Sayen tikiti

Nan ne zan daɗe, don nan aka fi cutar mutanenmu.

Shekarun baya ƙanwata ta tara kuɗin ɗinki na wata biyu don wani wasan Disamba. Tikitin ya ƙare a inda ake sayarwa. Sai wata ƙawarta ta haɗa ta da wani a WhatsApp, wai ya saya guda biyu, abokin tafiyarsa ya fasa, zai sayar da ragi. Ta tura masa kuɗi, ya turo mata hoton tikiti mai lambar QR, da sunan wasan da komai. Ni na raka ta. Muka bi layi fiye da awa ɗaya. Da muka iso ƙofa, mai dubawa ya haska na'urarsa a wayarta, ta yi ja. Ya sake, ta sake yin ja. Ya ce an riga an shiga da wannan tikitin tun ƙarfe takwas. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Yaya, amma na biya." Muryarta ba ta fita sosai. A gefen ƙofar muka tarar da wasu mutum biyar, kowa riƙe da hoto iri ɗaya da nata. Lambar mutumin a kashe. Muka tsaya a waje muna jin gangar tana dukan ƙasa ta bayan katanga, daga baya muka nemi mota.

Don haka: tikiti ana sayensa ne ta mahaɗin ko gajeriyar lambar da mawaƙin ko masu shirya wasan suka saka a shafinsu, ko a shagunan da suka ambata da suna. Ka kwafi lambar daga can da idonka, kada daga hoton da aka turo. Hoton tikiti ba tikiti ba ne, don mutum ɗaya yana iya sayar wa ashirin, wanda ya riga isa ƙofa shi ya ci. Idan dole sai daga hannun wani za ka saya, ya zama wanda ka san gidansu, ku kuma shiga tare.

Lokacin biya, MoMo zai nuna maka sunan wanda kuɗin zai je wa kafin ka sa lambar sirri. Ka tsaya ka karanta. Idan sunan kamfani kake tsammani sai ka ga sunan wani mutum, ka fasa. Lambar sirrinka kuma ba mai tambayarka ita da gaskiya, ko ya ce daga kamfanin waya yake, ko ya ce tikitinka ya maƙale sai an gyara. Idan saƙon neman amincewa ya faɗo a wayarka alhali ba ka sayi komai ba, kada ka amsa. Bayan ka biya, ka ajiye saƙon shaida da lambar cinikin, ka ɗauki hoton tikitin ka adana a cikin wayar, domin a bakin fili intanet kan tsaya cak idan mutane suka taru. Kuma kada ɗoki ya sa ka ɗora hoton tikitinka a shafinka da lambar a buɗe. Wani zai kwafa ya riga ka shiga.

Wannan shaidar tana da wani amfani. An taɓa yin wasan da aka cika fili a Akra har gari ya kusa wayewa babban mawaƙin bai hau dandamali ba. Idan irin haka ta faru, da saƙon biya da lambar tikiti ake neman a mayar da kuɗi. Wanda ya saya a bakin titi ba shi da inda zai kai kuka.

Gida

Mu 'ya'yan zango ba a fita dare a ɓoye a ce an more. Ka faɗa tun da wuri. Ni ga yadda nake yi idan zan ɗauki ƙanwata: mako guda kafin ranar nake samun mahaifiyarmu bayan isha'i, in ce, "Mma, ranar Asabar zan kai ta wasa a filin ƙwallo, mu huɗu ne, da ɗan gidan Alhaji na bayanmu, tare za mu dawo." Takan tambayi ƙarfe nawa. In gaya mata gaskiya, cewa zai kai asuba ko kusa. Idan ta ce a'a, a'a ɗin ce, akwai wasan sallah da rana. Idan ta yarda, sai ta ce, "Allah ya tsare, ka riƙe mini ita." Wannan kalmar tana bina har cikin fili.

Kada ka tafi kai kaɗai. Mutum uku zuwa biyar ya isa. Fiye da haka, rabin dare a neman juna zai ƙare.

Ranar wasa

A takardar talla za ka ga an rubuta ƙarfe shida ko bakwai. Wannan lokacin buɗe ƙofa ne. Masu tasowa za su yi ta hawa ɗaya bayan ɗaya, babban baƙon kuma sau da yawa sai bayan ɗayan dare. Wannan ya ba ka sarari: magariba a Akra wajen shida take, isha'i bakwai da 'yan mintuna. Ka yi sallolinka a natse a unguwa, sannan ka kama hanya. Sai dai idan kana son tsayuwa a gaba-gaba, to sai ka je da wuri ka nemi gefe mai tsabta ka yi a can.

Ka yi barcin rana. Ka ci abinci mai riƙe ciki kafin ka fita, waakye ko tuwon zafi, don abincin cikin fili yana da tsada, layinsa kuma dogo. Takalmi rufaffe, wanda ka saba da shi. Silifas ba ya kai labari a cikin cunkoso. Disamba lokacin hunturu ne, da asuba iskar teku da ƙura kan haɗu, ka riƙe riga mai dogon hannu. Waya cike da caji, da fawa-bank ƙarami. Kuɗin hannu kaɗan, ƙananan takardu, a raba su aljihu biyu. Ka rubuta lambar mutum biyu a takarda ka sa a aljihu, domin ranar da waya ta ɓace za ka gane ba ka haddace lambar kowa ba. Babbar jaka, turare a kwalba, da duk abu mai kaifi, a bar su gida, za a karɓe a ƙofa.

Filin ƙwallo na Akra da dandalin Black Star suna maƙwabtaka a Osu, bakin teku, kuma hanyoyin wurin kan toshe tun da yamma. Daga Nima ko Maamobi ka bi ta Kanda, ka sauka da ɗan nisa ka ƙarasa da ƙafa. Filin El Wak kuwa yana kusa da asibitin sojoji na 37, ya fi mana sauƙi. Wasannin bakin ruwa na wajen La su ne masu wahalar fita, hanya ɗaya ce kowa ke bi.

A cikin fili

Da shigarku, kafin kowa ya ɗaga waya, ku yi abu biyu. Ku zaɓi wurin haɗuwa idan an rabu, wani abu tsayayye da ake hangowa daga nesa, kamar turken fitila ko rumfar masu haɗa sauti. Sannan ku nemo ƙofofin fita da ido, ban da wadda kuka shigo ta ciki.

Ba na wasa da wannan maganar. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a wannan filin ƙwallon na Akra, bayan wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, an harba barkonon tsohuwa, mutane suka ruga zuwa matakala, fiye da mutum 120 suka rasu. Da yawansu 'yan zango ne, akwai gidaje a Nima da har yau suke tuna ranar. Idan ka ji an matse ka har ba ka iya ɗaga hannu, lokacin fita ya yi, ko da gwaninka ne a kan dandamali. Ka ɗaga hannuwanka a gaban ƙirji don numfashi ya samu wuri, kada ka yi gaba da igiyar mutane kai-tsaye, ka riƙa zamewa gefe-gefe. Abu ya faɗi, ka bar shi. Lambar gaggawa 112 ce.

Kada ka tsaya daf da manyan lasifika. Ƙarar da ke sa kunne ya yi ta kuka washegari ɓarna ce take yi, wani lokaci ba ta gyaruwa; 'yan toshe-kunne na soso da ake samu a kemis suna rage ta ba tare da sun hana ka jin waƙa ba. Ka sha ruwa a kai a kai, wanda ka buɗe da hannunka. 'Yan'uwa mata musamman, kada a karɓi abin sha a buɗe daga wanda ba a sani ba. Waya a aljihun gaba. Ka ɗauki bidiyon waƙa ɗaya ko biyu don na gida, sauran ka kalla da idonka. Akwai lokacin da mawaƙi kan yi shiru ya miƙa wa jama'a makirufo, mutum dubu talatin su ɗauki amshin da ka koya a bencin mai shayi. Tsigar jikinka za ta tashi. Wanda ke kallon fuskar waya a wannan lokaci bai san abin da ya wuce shi ba.

Dawowa

Wannan tun kafin a fita ake shirya ta. Trotro ba ya yawa bayan tsakar dare, sai wajen huɗu da rabi zuwa biyar suke farawa. Kuɗin Uber da Bolt da Yango kan ninka idan dubban mutane suka nema a lokaci guda, direbobi kuma su yi ta soke tafiya. Mafi kyau, ku yi magana da direban tasi na unguwa wanda kuka sani, ku yanke kuɗi tun da rana, ku ba shi wani abu a gaba, ku sa wurin da zai jira nesa kaɗan da ƙofa. In ba haka ba, ko dai ku fita kafin waƙar ƙarshe, ko ku zauna a ciki inda akwai haske da jami'an tsaro har cunkoson ya lafa. Idan ta manhaja kuka kira, ku duba lambar motar ta dace kafin ku shiga, ku tura wa na gida hanyar da kuke bi.

Wanda zai je Kumasi, kamar yadda mutane da dama suka yi a Satumba na 2025 lokacin da Sarkodie ya kai wasansa filin Baba Yara, ya sani tafiyar ta kai kusan kilomita 250, kuma awa biyar ko fiye ba abin mamaki ba ne idan an samu cunkoso a Nsawam ko Nkawkaw. Ka ɗauki bas a Circle da sassafe, ka sauka wurin dangi a Aboabo ko Asawase, ka kwana bayan wasa. Kada ka hau hanyar nan da ido biyu bayan tsayuwar dare guda, balle idan kai ne mai tuƙi.

A Akra kuma, ku fara sauke 'yan mata har ƙofar gida, ku ga an buɗe musu sun shiga, sannan motar ta ci gaba. Wanda ya sauka a ƙarshe ya tura saƙo a rukuninku cewa ya iso. Mu galibi muna shigowa Nima ana kiran sallar farko, mai koko ta ɗora tukunya, fitilar ɗakin Mma a kunne, don ba ta kwanta ba. Sai in ƙwanƙwasa a hankali in ce, "Mma, mun dawo," in jira ta amsa kafin in je in yi alwala.